Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Da Majalisar Dokokin Jihar Gombe: A Bar Mu Mu Auna Wutar Da Muke Biya

Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe,
Mai Girma Kakakin Majalisa da sauran wakilanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin jama'a da kuka ɗauka.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe, kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin wuta na unguwarmu. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Teloli, masu niƙa, 'yan walda, masu aski, masu cajin waya da matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo daga cikin gida su suka ɗora mini rubuta wannan takarda, bayan mun tattauna da 'yan'uwanmu na Pantami, Bolari, Jekadafari da Tudun Wada. Dukanmu da wuta muke neman abinci, ranar da babu ita kuwa tukunyar gidajenmu ce ke fara sani.

Muna jin maganar mayar da Gombe birni na zamani mai tafiya da fasaha, kuma mun ga alamunta. Takardun filaye sun koma kwamfuta a GOGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jiha, fitilun sola sun haska titunan da a da ba a bin su bayan isha'i, ga kuma filin masana'antu a Dadin Kowa. Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, a duk wannan shiri ba mu ga inda aka tanadar wa mazaunin gari hanyar sanin wutar da yake sha, da wadda ake bin sa kuɗinta, da wadda aka yi masa alkawari ba a ba shi ba. Na'urori suna ƙaruwa, amma bayanan da suke tarawa ba sa isowa ga mutumin da ke biyan kuɗin.

Ranka ya daɗe, bari in fara da maganar awanni, don ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Tun shekarar 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni bisa awannin da za a ba su a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai sa ido kan lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage ya tsaya a naira 200 da ɗoriya. A cikin umarnin akwai sharaɗi mai kyau, cewa idan aka yi kwana 7 a jere ba a cika awannin da aka alkawarta ba, a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu a zahiri. Sharaɗin ya yi, amma a ina ake ƙirga awannin? A bakin babban layi ake ƙirga su, can a tashar da wuta ke fitowa. Tsakanin wannan tasha da soket ɗin shagon tela akwai tafiya mai nisa. Babban layi yana iya kwana da wuta alhali taransifomar unguwa ta ƙone. Fis ɗin waya ɗaya yana iya tsinkewa, gidajen hannun dama suna haske, na hagu suna duhu. Idan kaya ya yi wa taransifoma yawa, a kan raba unguwa biyu, yau ku gobe su. A takarda duk waɗannan mutane sun sami awanninsu cif.

Akwai kuma wutar da ake kawowa ba ta da amfani. Ƙa'ida ita ce wutar gida ta zo da ƙarfin bolt 230. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, mun sha sa ma'auni a soket mu ga ta faɗo ƙasa da 180. A irin wannan lokaci injin niƙa sai dai ya yi ta gurnani bai juya ba, firiza ta yi ta ƙoƙarin tashi tana mutuwa har kwamfaresa ta ƙone. Wata baiwar Allah a layinmu, wadda da kuɗin ƙanƙara take biya wa 'ya'yanta makaranta tun rasuwar maigidanta, haka ta rasa firizarta ana tsakiyar zafi. Awannin da suka kashe mata jari an ƙirga su cikin awannin da aka ba ta wuta.

A kasuwar Tudun Hatsi ko mudu ɗaya na gero mutum zai saya, a gabansa ake aunawa, in bai yarda da cikar mudun ba ya ce a sake. Wuta ce kaɗai hajar da mai sayarwa ke aunawa shi kaɗai, ya fito ya faɗa wa mai saye adadi, mai saye kuma ba shi da abin musu.

Mun gwada yin abin da za mu iya. Akwai tela a bakin titinmu da ya rataye littafin makaranta a ƙusa kusa da kekensa, da biro ɗaure da zare. Duk lokacin da aka kawo wuta ya dubi agogon waya ya rubuta, duk lokacin da aka ɗauke ya rubuta. In zai tafi masallaci yaronsa ya karɓa, da dare kuma maigadin layin. Shafukan sun yi baƙi da man keke, amma ba ranar da aka tsallake. Da muka haɗa lissafin muka kai wani ofishi, an karɓe mu da mutunci, an ba mu wurin zama, sai dai an ce mana littafin ba hujja ba ne, tunda kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ba mu ji haushin jami'in ba, domin ba wata doka da ta ce masa ya karɓa. Wannan giɓin ne muke so ku cike.

Matsala ta biyu ita ce kuɗin ƙiyasi, wato kuɗin wutar da ake yanka wa wanda ba shi da mita ba tare da an auna abin da ya sha ba. Duk da shirin raba mita na ƙasa da aka fara a 2020, da dokar da NERC ta kafa a shekarar ta ƙayyade iyakar abin da za a caji wanda ba shi da mita, har yau gidaje da yawa a garin nan ba su da ita. Ɓarnar ƙiyasi ta wuce zaluntar aljihu. Mutumin da ya san ko ya kashe fitila ko ya bar ta kuɗinsa ɗaya ne, me zai sa ya kashe? Shi ya sa za ka bi layi da tsakar rana ka ga ƙwan ƙofar gida yana ci, hita tana tafasa ruwan da ba wanda ke jira. Nauyin ya taru a kan taransifoma har ta ƙone, sai a bi gida-gida ana karɓar karo-karo, alhali NERC ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da falwaya da gyaransu ba aikin masu amfani da wuta ba ne. Mutane da yawa ba su taɓa jin wannan ba. Ba za mu ɓoye ba, a cikinmu akwai masu zagaye mita da masu jona waya ta bayan gida, kuma ba ma goyon bayansu, don mu maƙwabtansu muke biyan abin da suka sha. Amma unguwar da ta san yunit nawa suka shiga taransifomarta a wata, ta kuma san nawa gidajenta suka biya, ita da kanta za ta nemo inda sauran suka bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an bar shi ya duba.

Na uku, kuma wannan ya fi damuna a matsayina na malami: hatta masu mita ba su san abin da take ƙirgawa ba. Mutum ya sayi kati, ya loda, kwana kaɗan ta fara ƙara, ya ce mitar tana gudu. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 ke sha a awa ɗaya. Ba a gaya masa cewa a cikin kuɗin katin ana cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba, wani lokaci har da tsohon bashi, kafin a mayar da ragowar yunit.

Ina da ɗan ma'aunin da ake sokawa a bango sannan a jona na'ura a jikinsa, ya nuna wat nawa take ja. Nakan ba ɗalibaina su je da shi gida bi da bi, su dawo da abin da suka gani. Abin da ke fitowa yana girgiza iyaye. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in yana ci awa 10 kullum, yunit 18 ne a wata, wato naira 3,600 in aka ɗauka a kan naira 200. Ƙwan zamani mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya bai kai yunit 3 ba, naira 540 ke nan. Hita mai wat 1,500, rabin awa kullum, ta haura yunit 22 a wata. Dutsen guga yana shan abin da fanka fiye da goma ke sha a lokaci guda. Wata ɗalibata ta dawo tana ba da labari cewa a gidansu kullum talabijin ake zargi, har mahaifinta ya hana kallo da rana. Da ta auna, sai ga shi tsohuwar firiza ce, wadda robar murfinta ta saki, injinta ba ya hutawa dare da rana. Robar da ba ta kai kuɗin katin mako ɗaya ba aka canza. Yarinyar nan ta yi abin da masu bincike ke yi: ta yi zato, ta auna, ta rubuta, ta kwatanta, ta kawo hujja. Akwai dubban irinta a makarantun jihar nan, daga Bajoga har Kaltungo, ma'auni kawai suka rasa.

Ba za mu manta da 2024 ba. A watan Afrilu ɓarayi suka kayar da turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni cikin duhu tare da maƙwabtanmu na Yola da Jalingo, ana tsananin zafi. A watan Oktoba kuma yawancin Arewa ta sake faɗawa duhu na kwanaki. Duk wannan ga madatsar Dadin Kowa a gefenmu mai ƙarfin megawat 40. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin da sai mai hali. Nawa masu sana'a suka ƙona a fetur a waɗannan makonni? Shaguna nawa aka rufe ba a sake buɗewa ba? Lita nawa ake ƙonawa kullum a babbar kasuwa, kuma wane irin hayaƙi masu shago da yaransu ke shaƙa? Amsoshin suna nan a bakin mutane da littattafan cinikinsu, ba a dai tattara ba. Gwamnatin da ke da waɗannan alƙaluma ta san kasuwar da za ta fara kai wa sola, da girman da ya kamata a kafa, da abin da 'yan kasuwa za su iya biya. Mai zuba jari ma su yake fara tambaya.

Abin da muke nema an yi shi a wasu wurare masu matsala irin tamu. A Indiya, ƙungiyar Prayas da ke birnin Pune ta fara a 2015 raba 'yan na'urori ga gidaje da shaguna. Ana soka su a bango, suna auna ƙarfin wuta minti-minti, suna aikawa ta layin waya zuwa shafin intanet da kowa ke iya dubawa. A Accra ta Ghana, masu bincike daga jami'ar California da ke Berkeley sun yi irin wannan daga 2018, suka sa na'urori a gidajen mutane da wuraren sana'arsu don a san sau nawa ake ɗauke wuta da tsawon lokacin da take yi ba ta dawo ba. A Beljiyam kuwa, a 2018, mutane 20,000 a yankin Flanders suka rataye ma'aunin gurɓatar iska a tagoginsu na wata guda tare da jami'ar Antwerp, aka fitar da taswirar da ta nuna wa kowa halin da iskar titinsa ke ciki. A duka ukun jama'ar gari ne suka ba da ɗakunansu da lokacinsu, masana suka tabbatar da ingancin awon, sakamakon kuma ya fito fili. Muna da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyar da fasaha. Ɗalibansu na kimiyya da kwamfuta suna neman aikin kammala karatu mai ma'ana kowace shekara.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta sa mata ido. Saboda haka maganar ba ta Abuja kaɗai ba ce yanzu, akwai abin da ke hannunku. Ga abin da muke roƙo.

Babbar buƙatarmu ga Majalisa take. A rubuta a cikin dokar lantarki ta jiha, ko a ƙa'idojin duk hukumar da za ta kula da harkar, cewa awon da mazauna unguwa suka yi da na'urar da aka tantance hujja ce da dole a saurara idan ana jayayya kan awanni, ko ƙarfin wuta, ko rukunin da aka sa unguwa. A fayyace wanda zai tantance na'urorin, da gidaje nawa ake buƙata a ƙarƙashin taransifoma ɗaya kafin a karɓi sakamako, da wa'adin da za a ba da amsa. In ba wannan, duk sauran abin da za mu lissafa zai tsaya a matsayin littafin telanmu.

Ga ɓangaren zartarwa, muna roƙon a fara gwaji a 'yan unguwanni, a haɗa da masu hali da marasa hali, da kasuwa ɗaya aƙalla. A ba jami'o'inmu aikin haɗa na'urorin da kula da su, masu unguwanni da kwamitocin wuta su zaɓi gidajen da za a sa. Kuɗin wannan bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba. Sakamakon kuma kada ya tsaya a shafin intanet da Turanci. A karanta shi da Hausa da Fulfulde da Tangale da Tera a gidajen rediyo kowane mako, a liƙa shi a ƙofar mai unguwa: taransifoma kaza ta sami awa kaza, ƙarfin wuta ya faɗi sau kaza. Matan da ke cikin gida su suka fi kowa sanin lokacin da wuta ke zuwa da tafiya, su ke guga, su ke kula da firiza, don haka a nemi ƙungiyoyinsu da makarantun Islamiyyarsu tun daga farko, kada a tuna da su bayan an gama tsari.

Muna roƙon Ma'aikatar Ilimi ta sa ma'aunin wat a ɗakin gwaje-gwajen kowace sakandare, a ba ɗalibai aro kamar littafin laburare, a kuma sa karanta mita da lissafin yunit a cikin darasin kimiyya.

Muna so gwamnati ta fara da kanta. A riƙa bayyana yunit nawa sakatariya, da asibitocin jiha, da manyan makarantu suka sha kowane wata, da litar dizal nawa aka ƙona. Ofishin da ya san za a karanta lissafinsa a rediyo ba zai bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ranar Asabar ba. Fitilun sola na tituna kuma a rubuta wa kowace falwaya lamba babba, a ba da layin waya ɗaya da za a aika saƙo idan ta mutu. Da hunturu ƙura tana lulluɓe faifan sola har batir ya kasa cika, fitila ta mutu tun kafin tsakar dare, kuma mai shayin da ke ƙarƙashinta ya riga kowane injiniya sani. Matasan unguwa za su iya ɗaukar aikin gogewa da kai rahoto in an ba su ɗan abin hasafi.

Akwai wani abu da muke tsoro, gara mu faɗa tun yanzu. Mita mai aika bayani da kanta tana nuna lokacin da mutanen gida suka tashi, da lokacin da suka kwanta, da ranar da suka yi tafiya gida ya zama ba kowa. Wannan sirrin iyali ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 tana nan, muna so a yi aiki da ita sosai: abin da za a fitar fili ya zama na taransifoma ko na unguwa, ba na gida ɗaya ba, kowane magidanci ya iya ganin nasa a wayarsa kyauta, kuma kada a sa na'ura a ɗakin kowa sai da yardarsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Haka kuma kada awon da mutane suka yi don neman haƙƙinsu ya koma hanyar farautarsu, domin ranar da aka yi haka ba mai sake buɗe ƙofarsa.

Mu ma akwai abin da muka ɗauka a kanmu. Za mu ba da gidajenmu da shagunanmu a sa na'urori, za mu tsare su, za mu rubuta gaskiya ko da ta nuna cewa an ba mu wuta fiye da yadda muke ƙorafi, kuma za mu yi wa masu satar wuta a cikinmu magana tun kafin a zo daga waje. Muna roƙon kwamitin Majalisa mai kula da makamashi ya kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin zafin bana ya kama, a gayyaci masu raba wuta, da jami'o'i, da masu unguwanni, da wakilan masu sana'a maza da mata. Za mu zo da littattafanmu, a buɗe su a gaban kowa a gwada su da lissafin da ke ofis.

Allah ya taimaki Gwamna, ya yi wa wakilanmu jagora, ya zaunar da Jihar Gombe lafiya.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyya kuma sakataren kwamitin wuta na unguwa,
a madadin masu ƙananan sana'o'i na cikin garin Gombe.